Tsakiyar Waƙar Farfesa Gaddy

Lahadi, 7 ga Oktoba, 1979

Na dawo daga coci ƙafafuna a kumbure, na kunna rediyo don shirin nan na tsofaffin kaɗe-kaɗe. Kowace Lahadi sai in ce na daina saurara, kowace Lahadi sai in ga hannuna a kan rediyon. Mai gabatarwar, daga jin muryarsa ba a haife shi ba lokacin da muke kiɗa, ya yi ta jero manyan shugabannin makaɗa na New York da Chicago, wane sarkin kaza, wane gwanin kaza. Can ya ce a zamanin kiɗan rawa na swing nan Omaha ma "an ɗan taɓa". An ɗan taɓa. Shekara goma muna zagaya jihohi a cikin bas, ana rawa har katakon zaure yana rawa tare da mutane.

Bai ambaci shugaban ƙungiyarmu, Farfesa Prentiss Gaddy, ba. Ta ina zai ambace shi? Ba mu bar faifai ko ɗaya ba.

Talata, 9 ga Oktoba

Abin mamaki. Marvella ta zo, 'yar Farfesa. Rabona da ita tun tana da kitso biyu tana ɓuya a bayan ganguna. Yanzu ga furfura, ga tabarau, malamar makaranta ce. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Anti Cleota, ba ki gane ni ba ko?" Na gane ta. Haɓar ubanta ce sak.

Uban yana gidan tsofaffi, ɓarin jikinsa ya shanye, hankalin kuma yana zuwa yana tafiya. Wata mai zuwa zai cika tamanin da biyar. Wai kullum da yamma sai ya fara duba agogon da babu a hannunsa yana cewa, "Ina 'Yar Fasto? Ba za a fara ba sai mai fiyano ta zo." So take in je ranar in buga masa "Hazo a Kan Platte", waƙar da muke buɗe kowace rawa da ita.

Na ce mata ni waƙoƙin coci kaɗai nake bugawa yanzu. Ta kalli fiyanona da hotunan da na jera a kansa. Ta sha kofi rabin kofi ta tafi.

'Yar Fasto. Ba wanda ya kira ni haka tun ina da ƙugu.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Ba zan je ba.

Asabar, 13 ga Oktoba

Elwood Spruill ya bugo waya. Marvella ta je wurinsa shi ma. Daga cikinmu duka, ni da shi da Farfesa muka rage, sai wani mai ganga a California da ba ya jin magana ko an yi ihu a kunnensa.

"Cleo, har yanzu kina nan da taurin kanki?"

Na ce ina nan, shi fa, yana nan da haƙoransa? Ya ce suna cikin kofi a banɗaki, in ina son gaisawa da su zai ɗauko.

Elwood da ya fi kowa iya ƙaho tsakanin nan da Denver. Bayan mun watse mayanka ya koma, ya yi ta saɓa naman shanu har bayansa ya lanƙwashe. Ya ce shi zai je. "Mutumin nan ya kusa, Cleo. Ke da wa za ki ci gaba da fushin in ya tafi?"

Na ce masa wake na kan wuta.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Ban kunna rediyo ba. Na zauna ina tuna Chicago, abin da ya fi rediyon ciwo.

Bazarar 1940. Wani kamfanin faifai ya kira mu. Muka kwana a hanya, kowa ya sayi sabon takalmi kamar faifan zai nuna ƙafa. Aka bar mu a wani dogon lungu a saman bene, kayan kiɗa a cinya, Farfesa ya shiga ofis da Elwood. Junius mai busa sakso yana ta goge bakin saksonsa da hannun riga, yana cewa uwarsa za ta sayi garmaho don wannan kawai. Da ƙofa ta buɗe Farfesa ya fito fuska a ɗaure, ya sa hularsa ya ce, "Ku kwashe kaya. Mota." Shi ke nan. Abin da muka ji daga baya shi ne sun so su taɓa masa waƙa ya ƙi.

Da aka sake kiran mu bayan shekara biyu, ƙungiyar makaɗa ta ƙasa ta hana kowa shiga ɗakin ɗaukar faifai. Sai yaƙi ya fara ɗibar samarin ɗaya bayan ɗaya. Junius yana kwance a kabari a Italiya. Uwarsa ba ta taɓa jin busarsa a cikin ɗakinta ba.

Ranar da muka watse a 1946, a bayan zauren rawa, gaban kowa na ce masa, "Girman kanka ne ya binne mu, Farfesa." Ya ɗaga hula ya ce, "A gaida Fasto," wato mahaifina. Daga nan ko a hanya muka hango juna sai wani ya tsallaka titi.

Har yau ban ga inda na yi ƙarya ba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Na kwashe hotunan kan fiyano don in goge ƙura. Hoton Harlan mijina, da kayansa na aikin jirgin ƙasa, na mayar da shi kan teburin gado. Tun da murfin a buɗe yake sai na ɗan gwada.

Farkon "Hazo" yana nan a yatsuna kamar jiya na ajiye shi. Ƙarshen ma yana nan. Amma tsakiyar, inda duk manyan ƙahoni suke yin shiru ni da Elwood mu yi ta mayar wa juna magana, ni da fiyano shi da ƙaho a toshe, babu ita. Na zo bakin wurin na tsaya kamar wadda ta tarar da gada ta karye. Na sake daga farko da gudu ko hannun zai wuce da kansa. Bai wuce ba.

Abin da na buga dare dubu.

Asabar, 20 ga Oktoba

Na kira Marvella in tambayi takardun kiɗan. Ta ce ruwa ya cika musu ɗakin ƙasa shekarun baya, akwatin ya kwana a ciki, takardun suka manne suka zama dunƙule ɗaya. Da hannunta ta zubar. "Ban san abin da nake zubarwa ba, Anti."

Na ce ba komai. Ban ce zan zo ba, tambaya kawai na yi.

Talata, 23 ga Oktoba

Na je. Ba don in yi kiɗa ba, don in gan shi da idona.

Gidan yana warin magani da dafaffen kabeji. Yana zaune a kujera mai taya kusa da taga, an ɗaura masa laktaya a kan rigar barci, wai ba ya yarda ya fito ɗaki sai da ita. Mutumin da in ya shigo zaure har mai gidan rawar yake gyara tsayuwa, yanzu bai fi a ɗauke shi da hannu ɗaya ba. Na shirya maganganu a cikin bas, masu sanyi, masu mutunci. Ko ɗaya ban samu faɗa ba.

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Kin makara, 'Yar Fasto."

Na ce, "Motar ce ta tsaya, Farfesa."

"Kullum mota. Kuma wannan rigar fa? Jana'iza za mu yi wa mutane?"

Ma'aikaciyar da ke kula da shi ta kama baki tana dariya. Ta ce, "Baba Gaddy, baƙuwa ce fa." Ya ce, "Baƙuwa ina? Mai fiyanona ce. Hannun damanta na zinariya ne, na hagun kuwa barci yake yi."

Ban san lokacin da na ce ba, "Hannun hagun nan ne ya riƙe maka ƙungiya shekara goma." Ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. Daga nan ya juya ga taga ya manta da ni.

A bas ɗin dawowa na wuce tashata.

Alhamis, 25 ga Oktoba

Elwood ya zo da ƙahonsa a cikin jakar cefane, akwatin ya daɗe da lalacewa. Ya sa haƙoran, ya busa, suka yi gaba. Ya cire su ya busa, iska kawai. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Daga baya ya samu wata dabara, sautin ya fito siriri, yana rawa, amma nasa ne. Ko a cikin duhu zan gane shi.

Muka zo tsakiya. Ya ce, "Ai ga ta nan," ya busa wani abu. Na ce wannan tsakiyar "Kar Ki Faɗa wa Verlene" ce. Ya ce ba ita ba ce. Na buga masa "Verlene" daga farko, ta zo ta zauna daram a wurin. Ya sauke ƙahon ya daɗe yana kallon ƙasa.

"To ina ta tafi, Cleo? Mu biyu ne fa masu ita."

Muka bar kiɗa muka koma tuna sunayen waƙoƙi. "Kaza a Kan Rufin Bas", wadda Farfesa ya rubuta bayan wani manomi a Dakota ya biya mu da kaji masu rai. "Sanyin Fargo". Wata mai taushi da muke rufewa da ita, mu duka biyu mun manta sunanta, amma mun tuna cewa in an fara ta mata sukan cire takalmi su kwantar da kai a kafaɗar mazansu. Suna dai, suna dai. Yawancinsu sunan kaɗai ya rage.

Na soya masa kifi da burodin masara. Ya ci a hankali, da gefen baki.

Lahadi, 28 ga Oktoba

A coci, tsakiyar waƙar karɓar baiko, hannun haguna ya ɗan yi tsalle irin na da. 'Yar'uwa Pinkston ta waiwayo daga cikin mawaƙa ta zare mini ido. Fasto bai lura ba, ko ya yi kamar bai lura ba.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Muna gwaji da Elwood, na ce cikin haushi, da mutumin nan ya sauke kai a Chicago da yanzu faifai kawai za mu ɗora mu ji. Elwood ya ce, "Da faifan ma babu tsakiyar ai."

Na ce kamar yaya?

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "Ke ba ki san abin da suka ce a yanke ba? Waƙar ta fi ƙarfin fuskar faifai ɗaya. Mutumin ya ce a cire wurin da yarinyar nan da mai ƙaho suke ɓata lokaci, ba wanda zai sayi faifai don ya ji mace tana lallaɓa fiyano. Farfesa ya ce wurin nan shi ne waƙar, sauran duk rakiya ce. Mutumin ya ce to a kawo namiji daga cikin nasu ya buga, a gajarta. Farfesa ya ɗauki hularsa."

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini?

"Ya ce duk wanda ya faɗa miki ya nemi wata motar. Daga baya kuma na ɗauka kin sani. Na zaci shi ya sa kike fushi, don ya sa an ɗora miki laifi."

Na tashi na shiga kicin na tsaya gaban famfo, ban kunna ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da ya tambaye ni, da na ce a yanke. Wallahi da na ce a yanke. Da Junius yana cikin faifai, da Ozell mai babbar garaya, da duk sauran. Wa ya ba shi izinin ya zaɓa mini? Ya jefar da muryar mutum goma sha uku saboda ni, sannan ya bar ni ina zaginsa a zuci fiye da shekara talatin, yana ɗaga mini hula.

Ban san ko godiya zan yi ba ko sabon fushi.

Talata, 6 ga Nuwamba

Na koma ni kaɗai. Na ja kujera kusa da shi na ce, "Farfesa, maganar Chicago."

"Wace Chicago? Gobe Sioux Falls ne. Ki gaya wa yaran nan su sa dogon wando biyu, sanyi ake yi."

Na ce, "Elwood ya gaya mini abin da ya faru a ofishin nan."

"Elwood ya cika surutu. Ya biya tarar makararsa?"

Na sake gwadawa ta wata hanya. Ya fara neman Ozell, yana tambaya ko an ɗaure garayar da kyau a saman mota. Na ce an ɗaure. Ya ce madalla. Ya yi barci baki a buɗe.

Na zauna har aka kawo abincin yamma. Duk shekarun da yake da kunnen ji ina tsallaka titi. Yanzu ga ni ga shi, amma shi kamar gidan da ba kowa.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Ranar haihuwar.

An jera tsofaffi a ɗakin cin abinci, wasu da hulunan takarda. Fiyanon gidan wasu maɓallansa ba sa tashi in an danna. Marvella ta kawo kek, ta sa wa uban baƙar kwat ɗinsa ta da, ya nutse a ciki. Elwood ya sha man gashi a kan 'yan silin da suka rage.

Mun shirya cewa in mun zo tsakiya za mu tsallake kawai mu faɗa ƙarshe. Ba wanda zai sani.

Na ɗora hannu zan fara, sai muryarsa daga baya: "Wa ya ba ki izinin farawa?" Aka turo kujerarsa gaba. Ya ɗaga hannun da ke aiki, ya ƙirga mana, a hankali fiye da yadda na tuna. Muka shiga. Wata tsohuwa mai sanda ta fara kaɗa kai. Wani da aka ce bai yi magana ba tun bara yana buga tafin hannu a kan gwiwa.

Muka zo wurin. Kafin in tsallake sai na ga hannunsa ya sauko ƙasa-ƙasa, tafin a buɗe, yadda yake yi wa manyan ƙahoni su yi shiru. Ya nuna ni da yatsa. Ni kuwa ba ni da abin bugawa. Na ɗaga hannuna daga fiyanon. Elwood ya sauke ƙaho.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar cokula daga kicin. Shi kuwa ido a rufe, hannu yana tafiya, yana juyawa gare ni, ya juya ga Elwood, ya dawo gare ni. Leɓensa yana motsi. Har ya ɗan ɗaga gira a wani wuri, irin yadda yake yi in na yi abin da ya ji daɗinsa. Yana jin ta. Duk tana nan a cikin kansa, cif, mu ne ba ma ji. Da ta ƙare ya ɗaga hannu sama ya sauke, muka faɗa ƙarshen tare kamar ba a taɓa tsayawa ba.

Aka yi tafi. Ya kira ni da yatsa, na sunkuya.

"Yau tsakiyar ta fita," in ji shi. "Haka nake so kullum."

Na ce, "To, Farfesa."

Ban ci kek ɗin ba. Marvella ta naɗe mini a takarda.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Na je da safe, an ce lokacin ya fi zama cikin hankalinsa. Na ce ya rera mini tsakiyar, na ɗan manta wani wuri. Ya harare ni. "Mantawa? Abin da na rubuta miki da hannuna?" Amma ya gwada. Na kai kunnena bakinsa. Babu murya, iska ce kawai take fita, ba sama ba ƙasa. Ya gane ba ta fita, ransa ya ɓaci, ya damƙi wuyan hannuna ya fara buga mini da yatsa. Dogo, gajere gajere, tsayawa. Dogo kuma. Na ce ya sake. Ya sake, daidai da na farko. Sau uku.

Takun na samu. Sautin kuwa babu.

Duk hanyar gida ina buga shi a kan jakata kar ya zube.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Yatsu sun kumbura, sanyi ya shigo. Na yi ta ɗora sautuka a kan takun nan, in cire, in sa wasu. Wani lokaci sai in ji kamar na kusa, kamar sunan mutum a bakin harshe. Sai ya gudu.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Ranar bikin Godiya na shekara. Na ci talotalo a gidan 'Yar'uwa Pinkston, ya bushe kamar kullum. Ana ta hayaniyar jikoki ni ina buga yatsa a ƙarƙashin tebur.

Talata, 27 ga Nuwamba

Marvella ta kira. Farfesa ya cika jiya da rana, bayan an ba shi abinci. Ta ce bai wahala ba.

Na ce mata Allah ya ba da haƙuri. Na ajiye waya na ci gaba da gugar da nake yi har na gama kwandon.

Ban ce masa na gode ba. Ban ce masa bai kyauta ba. Duka biyun ina da su a baki.

Asabar, 1 ga Disamba

An binne shi cikin dusar ƙanƙara. Mutane ba su da yawa: 'yan cocinsu, malaman makarantar Marvella, da wasu tsofaffi biyu da suka ce a wurin rawarmu suka haɗu kafin yaƙi, har yau suna tare. Matar ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce yarinyar mai jar riga." Ni na manta ma ina da jar riga.

A ɗakin taro na ƙasan coci, bayan an ci kaza da dankali, Marvella ta roƙa mu buga. Na ce wa Elwood in mun zo tsakiya ya saurare ni kawai, in na bar masa wuri ya amsa da abin da ya zo masa.

Na buga abin da na harhaɗa a makonnin nan. Takun na Farfesa ne, sauran kuwa ni na san daga inda na tsinto su: wani daga waƙar coci, wani daga "Verlene", wani ban san daga ina ba. Elwood ya amsa sau ɗaya, sau biyu, a na uku ƙahon ya ƙi fita. Na duba, hawaye ne ke bin kumatunsa. Na ƙarasa ni kaɗai.

Da muka gama ya kama kafaɗata yana girgiza ni. "Ita ce, Cleo. Ita ce. Kin samo ta. Har wurin nan da kike hawa sama ki faɗo, na tuna shi sarai."

Wurin nan ranar Talatar da ta wuce na ƙirƙiro shi, ina jiran ruwan shayi ya tafasa.

Marvella tana share ido tana cewa yanzu ta ji abin da babanta yake ji. Na buɗe baki, na dubi Elwood, na rufe.

Talata, 4 ga Disamba

Ba ita ba ce. A nan dai zan iya faɗa. Ta gaskiyar ta fi wannan sauƙi, ta fi ta kyau, kuma tana ƙarƙashin ƙasa a maƙabartar da ke kan tudu, cikin baƙar kwat. Ba wanda zai ƙara jin ta.

Marvella tana so ta kawo rakoda. Na ce sai na yi tunani.

Lahadi, 9 ga Disamba

Ciwon gwiwa. Ban je coci ba. Na mayar da hotunan kan fiyano, sai na ga suna hana murfin buɗewa, na kwashe su zuwa kan kabad.

Alhamis, 13 ga Disamba

Elwood ya bugo da hantsi, ko gaisuwa babu. Wai yana aske gemu farkon "Kaza a Kan Rufin Bas" ya faɗo masa. Ya rera mini ta waya, muryar kamar ƙofa mai tsatsa. Na ce ba haka ba ne, a layi na biyu ƙasa take yi ba sama ba. Ya ce sama. Na ce tsaya. Na ja igiyar wayar har falo, na maƙale ta a kafaɗa, na buga masa. Ya ce to, ƙasa ne, amma abin da ke biye fa? Muka yi ta yi, shi ya kawo guntu ni in kawo guntu, inda babu kuma na ɗan cike. Sai da na ji ƙauri na tuna da shinkafa a kan wuta. Tukunyar ba za ta ƙara moruwa ba.

Zai zo ranar Asabar da ƙahon. Na ce ya gaya wa Marvella in tana so ta biyo shi da rakodar tata, ba ruwana.

Ba komawa kiɗa na yi ba. Gyara masa kawai nake yi, don in an bar shi shi kaɗai ɓata waƙar mutane zai yi.